Da Rigar Fauziyya Aka Yi Mini Awo

Ku gyara zama 'yan uwa, yau ba abin da zan rage muku, ko da dariya za ku yi mini. Ni ce Ikilima, 'yar Unguwar Gayan a Suleja, wadda tun tana firamare ba a cika kiranta da sunan yanka ba. A boko Tsinke ce ni, a islamiyya Sillen Kara, a gida kuwa Goggo Daso, yayar Babanmu, ta fi jin daɗin ta ce, "Ƙashi-da-rai, zo nan." Ba ciwo nake yi ba, ba kuma yunwa a gidanmu. Haka Allah ya yi ni, doguwa siririya, in na ci tuwo malmala biyu ba a ganin inda ya shiga. Abin haushin shi ne duk matan gidanmu cikakku ne, in sun taho sai ka ba su hanya. Ni kaɗai na ɗauko kakata ta wajen uwa, wadda ko ganinta ban taɓa yi ba.

A 1996 ina da shekara ashirin da uku, ina buga takardu da tafireta a wani shago kusa da tasha. Can Ja'afar ya gan ni. Bazazzagi ne, yana aiki a Abuja, yana haya a Kwamba kamar sauran waɗanda tsadar ɗakin Abuja ta koro mana. Takarda ɗaya ya kawo a buga masa, amma sai ga shi kullum, yau ya ce tawada ba ta fito ba, gobe ya ce ta fito da yawa. Da na ga takardar nan ba za ta ƙare ba, sai na yi masa kwatancen gidanmu. Ba wanda ya tilasta mini, ni na gani na ce ina so. Manya suka shiga maganar, aka sa rana bayan babbar sallah.

Daga lefe aka samo matsala. Yayarsa Tayyiba, da ke aure a Sabon Wuse, ita ke haɗa kaya. Sau ɗaya ta taɓa ganina a wajen wani suna, ina zaune na duƙunƙune cikin ƙaton mayafi. Sai ta aiko cewa akwai leshi guda da take so telanta na Kaduna ya ɗinka mini na ranar walima, a ba ta rigata ɗaya a yi awo. Kun dai san yadda ake yi, ba a kai amarya gaban tela, rigarta ake kaiwa. Ina wajen aiki 'yar aiken ta zo. Goggo, wadda tun rasuwar mijinta take zaune a gidanmu, ta shiga ɗaki ta tsallake akwatina, ta buɗe na 'yarta Fauziyya ta zaro riga. Fauziyya kuwa, tubarkalla, in aka raba ta biyu za a fitar da ni har da canji.

Da na dawo na duba kayana na ga ba abin da ya yi ƙafa.

"Goggo, wace rigar kika ba su? Nawa duk ga su nan."

Ba ta ko ɗago daga tsinken zogalen da take yi ba. "Wadda ta dace na bayar."

Fauziyya ta leƙo daga ɗaki tana ƙunshe dariya. "Tawa ce, mai ruwan goro."

Na ce, "Innalillahi! Goggo, ƙarya fa ke nan muka yi musu."

"Rufa mini baki." Ta ajiye tiren ta dube ni sama da ƙasa. "Kin san abin da wata ta tambayi Tayyiba a Sabon Wuse? Cewa ta yi, amaryar taku dai lafiyarta ƙalau ko? Zamanin nan da ƙanjamau ya shigo, duk wanda ya rame da kallo ake bin sa. Ina raye ba za a ɗaga rigarki a gaban dangin miji a ce ta 'yar tsana ce ba."

"To in an ɗinko fa? Wa zai sa?"

"Ke za ki sa mana. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun yau za mu fara cika ki."

Na kalli Umma ko za ta ce wani abu. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da gyaran shinkafa. A gidanmu uwa ba ta sa baki a auren 'yarta, amarya ta goggo ce.

Washegari aka sa na bar aiki, wai tafiya tasha ce ke cinye ni. Da safe kunun gyaɗa da madara a ƙaton kofin silba, da hantsi fura da nono, da rana tuwon shinkafa ana kwarara masa man shanu har ya yi iyo, da la'asar dafaffiyar kaza da aka cika da kayan haɗin da ban san sunansu ba. Goggo ta kan ja kujera 'yar tsugune ta zauna a gabana, ta zuba mini ido kamar mai kiwon ragon layya. In na ce na ƙoshi sai ta ce, "Cikinki ne ya ƙoshi, rigar ba ta ƙoshi ba." In na tura na tura, sai in lallaɓa bayan gida in mayar da shi duka, in wanke baki in dawo ina murmushi. Tun aman yana zuwa da kansa har na koyi kiransa da yatsa, don nauyin da nake ji a ƙirji. Ni da ƙamshin suyar albasa ke sa ni rawa a tsakar gida, sai ga shi ƙarar murfin tukunya ma faɗuwar gaba take sa ni.

Da Goggo ta ga ba ci gaba, sai ta dawo daga kasuwa da ƙulli a bakin zani. Wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ne farare, daga wani mai kemis.

"Sha-ka-fashe ke nan," in ji ta. "'Yan matan yanzu duk shi suke sha. Safe da yamma."

Na sha. Kada ku ce dole aka yi mini, lokacin ni ma na fara yarda cewa akwai abin da ya rage a halittata. Magana in ana maimaita maka ita tun kana yaro, wata rana da muryarka za ka ji ta.

Ƙwayar ta yi aiki, irin nata aikin. Wata yunwa ta taso mini wadda ba ta san ƙoshi ba, ba ta kuma san daɗi ba. In kowa ya shiga ɗaki barcin rana, sai in tsaya a madafa ina kankare ƙanzo da hannu ina turawa, ina waige kamar ɓarauniya, in gama in zauna in yi kuka. Fuskata ta yi fam, kumatu suka taso, ƙuraje suka feso mini a goshi, cikina ya yi tulu, amma hannuwa da ƙafafu suna nan yadda suke. Zuciyata ta riƙa bugawa ko ina zaune. Maƙwabta kuwa in sun shigo sai guɗa. "Kai, amarya ta fara cika! Daso, hannunki da kyau."

Ran Lahadi bayan la'asar na ji ƙarar Vespar Ja'afar. Kamar yadda Goggo ta tsara, na ɗaura zani biyu a kan siket, na ɗora mayafi mai kauri, na fita zaure ina gumi. Ya miƙo mini balangun da ya tsaya ya saya a Diko, wanda da can kafin ya zauna na buɗe. Na ajiye a gefe. Ya daɗe yana kallona.

"Ikilima, haƙori ne ke miki ciwo?"

"A'a, hutu ne."

"To wannan hutun bai karɓe ki ba. Kin daina yi mini tsiya, kin daina dariya. Ko na yi laifi ne?"

"Ba ka yi komai ba."

Na so in gaya masa gaskiya, na fasa. Goggo ta riga ta gaya mini namiji ba ya faɗa, amma ba wanda ke son ya auri muciya. Na riƙa tunanin ko haƙuri kawai yake yi da ni tun farko. Ya tafi jiki a sanyaye, ni kuma na shiga na cinye balangun a tsaye a bayan ƙofa, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Ana cikin haka ɗinki ya iso daga Kaduna, da saƙon cewa Yaya Tayyiba za ta zo da kanta ƙarshen wata ta ga yadda ya zauna. Leshi ne ruwan hoda mai duwatsu, ban taɓa riƙe abu mai kyansa ba. Na sa. Wuyan ya zame ya sauka kafaɗa, ƙirjin ya yi mini yawa, siket ɗin kuwa da na saki hannu sai ya faɗi ƙasa ya kewaye ƙafafuna. Duk azabar da na sha, ga inda ta tsaya. Fauziyya da ta fara dariya ta kalli fuskata ta yi shiru.

Goggo ta riƙe haɓa. "Za a ƙara ƙwayar. Rigar kuma ki kai wa Yejide ta ɗinka soso daga ciki, ƙugu da ƙirji. Wa zai leƙa?"

Anti Yejide Bayarabiya ce, tsohuwar telar gidanmu, shagonta na titin Maroko. Na isa ina haki, jiri na ɗibata. Ta ɗago daga kan keke ta zare tabarau.

"Ah-ah! Ikilima? Wa ya hura ki haka?"

Na yi mata bayanin soso. Ta zaunar da ni a benci, ta kama ƙafata ta danna babban yatsanta a idon sawu. Da ta ɗaga, ramin ya zauna bai tashi ba.

"Wannan ba ƙiba ba ce o, ruwa ne. Ƙanwata ta sha irin abin nan a Ilori, sai da aka kwantar da ita. Oya, shiga ki sa rigar in ga inda zan cusa soson naku."

A gidanmu madubi ɗan ƙarami ne, na shafa hoda, fuska kawai yake nunawa. A bayan labulen Anti Yejide kuwa akwai dogo, daga kai har ƙafa. Na cire zani na farko, na cire na biyu, na cire siket, na zura leshin na riƙe shi da hannu, sannan na ɗaga kai.

Na shirya in ji haushin da na saba ji. Sai na ga wata yarinya tsaye, fuska a kumbure, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, tana riƙe da rigar wata da hannu biyu don kada ta faɗi. Ta gaji. Wallahi da a hanya na gamu da ita, da na kama hannunta na zaunar da ita a inuwa na ba ta ruwa. Da Fauziyya ce aka yi wa haka, da sai inda ƙarfina ya ƙare. To me wannan ta yi mini? Ƙafafun nan da ake kira sillen kara su suka kai ni makaranta suka dawo da ni, ba su taɓa cewa sun gaji ba. Yatsun nan su ke buga tafireta har mutane su tsaya kallo. Jikin nan ya yi azumi da ni, ya yi zazzaɓi ya tashi, bai taɓa neman komai a wurina ba sai abinci daidai cikinsa. Ni kuma na saka masa da ɗura da amai da ƙwaya.

Tausayinta ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji wa kaina ba. Na sa tafin hannu a kumatun nan masu zafi na ce a hankali, "Sannu, Ikilima. Sannu kin ji." Sai hawaye, amma ba irin na madafa ba. Wannan da yana fita sai na ji ƙirjina yana yin sakayau.

Na ɗaga labule na fito. "Anti, ba soso za ki sa ba. Rage ta za ki yi."

Ta mayar da tabarau kan hanci. "Leshin dangin miji ne fa. In na yanka ba ya komawa o."

"Na sani. Ki auna ni, ni ɗin nan. Kumburin ma ki cire shi a lissafi, ba nawa ba ne."

Ta yi wata dariya har da tafi, ta jawo tef daga wuyanta. Ina tsaye ta sa almakashi. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ƙaras-ƙaras ɗin ba.

Da na koma gida ɗakin Umma na wuce, na zazzage mata ƙwayoyin a cinya, na gaya mata komai, har aman, har ƙanzon. Na danna ƙafata na nuna mata ramin. Ranar na ga kawaici ya ƙare. Ta ɗauki mayafi ko Goggo ba ta yi wa sallama ba, ta sa ni gaba sai asibiti. Likita ya yi faɗa sosai, ya ce garin neman ƙiba mun kusa samo abin da ya fi rama, ya kuma ce irin wannan ƙwayar ba a yanke ta rana ɗaya, shi zai riƙa rage mini ita a hankali. Goggo ta yi fushi ta daina amsa gaisuwata. Maganar riga kuwa ban gaya wa kowa ba, na bar ta tana jiran soso.

Ba zan ce muku nan take na warke ba. Akwai ranakun da na zauna gaban kwano gabana na faɗuwa, akwai ranar da na sake samun kaina a bayan gida. Bambancin shi ne da na fito ban zagi kaina ba. Na wanke fuska na ce sannu, gobe ma rana ce. A hankali kumatu suka fara sauka, ƙasusuwan wuyana suka dawo, na yi musu maraba.

Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata Yaya Tayyiba ta iso. Mace ce ƙatuwa, fara, mai yawan fara'a, da ƙyar ta sauka kan tabarma tana fifita da gefen mayafi. Goggo ta saki fuska dole, ta raɗa mini a ƙofar ɗaki, "Ki sa zani a ciki, kada ki kunyata ni."

Na shiga na sa leshin. Ya zauna a jikina kamar a kaina aka saƙa shi, kafaɗa daidai, ƙugu daidai, dogon siket har ƙasa. Na ɗaura ɗankwali, na ɗauki ƙullin da Anti Yejide ta haɗo ni da shi, na yi bismilla na fito tsakar gida. Kaina a sama.

Goggo ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Ina soson... ina sauran rigar?"

Na durƙusa na ajiye ƙullin a gabanta, na kwance. Ƙyallayen leshi ne, dogaye da gajeru. "Ga shi Goggo. Sauran Fauziyya ne."

Fauziyya ta tuntsire da dariya ta faɗa ɗaki. Na juya wajen baƙuwa.

"Yaya, ki yi haƙuri na sa an taɓa ɗinkinki ban nemi izini ba. Rigar da aka kai miki ba tawa ba ce. Goggo tsoro ta ji mini, don an ce ana tambaya ko lafiyata ƙalau. Ni ke nan, haka nake tun ina yarinya, ba zan fi haka ba. In ciwon da ake faɗa ne ake tsoro, asibiti ba nisa, a gwada ni a gwada shi, hankalin kowa ya kwanta. Amma ba zan shiga gidan ƙaninki da jikin aro ba."

Umma na bakin madafa riƙe da ludayi. Yaya Tayyiba ta daina fifita, ta dube ni tun daga ɗankwali har yatsun ƙafa.

"Tashi ki juya in gani."

Na juya.

"Ikon Allah," ta ce, sai ta fashe da dariya har tana share ido. "Ni ina can kullum safe ina shan ruwan zafi da lemun tsami don in ragu, dangin mijina na kirana buhun gero, ke kina nan ana ɗura miki! Wai mu mata yaushe za a ce mun yi daidai? Ni fa na yi mamaki. Ja'afar ya ce mini doguwa ce siririya, aka kawo mini riga na ce to, so ya rufe wa yaron nan ido." Ta juya ga Goggo. "Goggo, kayan aro ba ya rufe katara. Mai tambayar nan kuma ki bar ni da ita, maƙwabciyata ce, na san maganinta. Gwaji kuwa shawara ce mai kyau, su je su biyun."

Goggo ta tattara ƙyallayen tana ninkewa ɗaya bayan ɗaya, na ga idonta ya kawo ruwa. Can ta tashi ta shiga madafa, sai ga ta da ƙaton kofin silbar nan cike da kunun gyaɗa, ta dire a gabana, don hannu ya riga ya saba. Kowa ya zuba mini ido. Na ɗauka na kurɓa. Da ɗumi, da tsamiya daidai, ga gyaɗar ta ji suya. Ashe Goggo ta iya kunu haka? Rabon da in ji ɗanɗanon abu har na manta. Na sha na sha, da na ji ya isa na ajiye, saura fiye da rabi.

"Na ƙoshi, Goggo."

Ta buɗe baki, na san abin da ke kan harshenta. Ta kalli rigar, ta kalle ni. Sai ta ja kofin gabanta ta kafa kai ta shanye, ta goge baki da bayan hannu.

"To, Ikilima," ta ce. Sunana na yanka, a bakin Goggo Daso.

Ban gama jin daɗin wannan ba sai ga ƙarar Vespa a ƙofar gida, Ja'afar ya zo ɗaukar yayarsa ya kai ta tasha. Na shiga na cire leshin, don ba a nuna wa ango kayan walima. Fauziyya ta miƙo mini siket da zannuwa biyun nan kamar kullum. Na zari ɗaya na ɗaura, na bar mata sauran a hannu, na nufi zaure ina jin yunwar balangu.